Daga Gidan Makaɗa zuwa Zauren Jami'a: Waiwaye a kan Digirin Farko na Tsara Kiɗa da Waƙa a Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin ilimin tsara kiɗa da waƙa a ƙasar Sakkwato ta hanyar kwatanta tafarki biyu, wato horon gado da ake yi a gidajen makaɗa da kuma digirin farko na kiɗa da wasu jami'o'in Nijeriya ke bayarwa. An lura cewa nazarin waƙar baka ya yi nisa a sassan harsunan Nijeriya, sai dai ya fi karkata ga matani, ya bar rauji da amon kayan kiɗa a baya. Maƙalar ta nuna cewa gidan makaɗa yana da manhaja tasa, ko da yake ba a rubuce take ba, kuma a kanta ya dace a ɗora duk wani digiri na tsara kiɗa da za a kafa a wannan yanki. An kawo fasalin karatun shekara huɗu, tare da ƙalubalen da ke gabansa.

Fitilun kalmomi: tsara kiɗa, waƙar baka, rauji, makaɗan fada, manhaja, Sakkwato

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa. Wannan karramawa shaida ce cewa jami'a ta yarda abin da makaɗin Hausa ke yi ilimi ne. Sai dai ta bar wata tambaya: matashin da ke son ya koyi wannan ilimi daga tushe, a jarraba shi a kansa, ya fito da takardar digiri, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Tambayar ta fi nauyi a Sakkwato. Tsohon Lardin Sakkwato, wanda ya haɗa da jihohin Kabi da Zamfara na yau kafin a fitar da su a 1991 da 1996, shi ne ya haifi da yawa daga cikin manyan makaɗan fada na ƙarni na ashirin, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ga kuma Ɗan'anace a fagen kiɗan dambe da noma. A birnin ne kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, inda ɗaliban Hausa suka daɗe suna rubuta kundaye a kan waɗannan makaɗa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna abin da nazarin ya rage bai taɓa ba, da yadda digirin tsara kiɗa zai iya cike gurbin idan an gina shi a kan tubalin gida.

2.0 Ma'anar Tsara Kiɗa da Waƙa

A wannan maƙala, tsara kiɗa na nufin ƙirƙirar sabon aiki na sauti: zaɓar rauji, da yanke shawarar kiɗan da zai ɗauke shi, da raba aiki tsakanin muryoyi da kayan kiɗa, da shata inda za a fara da inda za a dire. A al'adar Turai an raba wannan aiki da aikin mai kaɗawa. Wani ne ke zama ya rubuta kiɗan a takarda da alamomi na musamman, wasu kuma su karanta su kaɗa, ko da bayan mutuwarsa da ɗaruruwan shekaru. A ƙasar Hausa ba a yi wannan rabo ba. Makaɗi shi ne mai ƙaga waƙa, shi ne mai rera ta, kuma galibi shi ne shugaban masu kaɗa ta. Wannan ne ya sa kalmar makaɗi ta ɗauki ma'anonin duka, har ake ce wa Narambaɗa makaɗi alhali fasahar da aka fi saninsa da ita ta harshe ce.

Wannan bambanci yana da tasiri ga manhaja. Digirin da aka gina a kan rabuwar marubucin kiɗa da mai kaɗawa zai horar da ɗalibi ya cika takarda da alamomi. Al'ummar da za ta karɓe shi kuwa tana jiran wanda zai tsaya a gaban jama'a ya yi.

3.0 Digirin Kiɗa a Jami'o'in Nijeriya

Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961, daga baya wasu jami'o'i suka biyo, mafi yawansu a kudancin ƙasar. Karatun na shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. A shekarun farko ɗalibi kan koyi karanta rubutun kiɗa, da horar da kunne don ya rarrabe matakan sauti, da ƙa'idojin haɗa muryoyi mabambanta su tafi tare, da tarihin kiɗan Turai da na Afirka, tare da ƙwarewa a kan wani abin kiɗa, sau da yawa fiyano. A shekarun ƙarshe ne yake zaɓar fannin da zai zurfafa, ciki har da tsara kiɗa, inda zai gabatar da ayyukan da ya ƙaga da kansa a kaɗa su a gaban malamai.

Tushen wannan tsari yana cikin makarantun mishan da majami'u, inda aka fara koyar da rubutun kiɗa a Nijeriya. Daga wannan tafarki ne aka sami Fela Sowande da Ayo Bankole da Akin Euba, waɗanda suka yi ƙoƙarin shigar da karin harshe da salon gangunan Yarabawa cikin kiɗan da ake rubutawa. A Gana kuma Kwabena Nketia ya shafe rayuwarsa yana kafa hujjar cewa kiɗan Afirka na da ƙa'idojin da za a iya koyarwa a jami'a. Darasin da ke cikin aikinsu shi ne, kowane ɗaya ya koma ga harshensa da gangar garinsu kafin aikinsa ya sami murya. Ɗalibin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi irin waɗannan sassa zai sami horo mai inganci, amma da wuya ya tarar da malamin da zai nuna masa yadda ake ɗora amshi a kan kotso.

4.0 Gidan Makaɗa a Matsayin Makaranta

4.1 Matakan Horo

Kiɗa a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado a mafi yawan lokuta, kuma tarihin makaɗan yankin Sakkwato ya tabbatar da haka. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya fara ne a ƙungiyar mahaifinsa, sannan ya yi zaman ɗan amshi a ƙarƙashin yayansa Kurna na Maradun, kafin ya ja tasa ƙungiya. Sa'idu Faru ma a hannun mahaifinsa ya koyi kotso kafin ya zama makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Salihu Jankiɗi ya yi doguwar tafiya a cikin sana'ar kafin ya kai ga fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da taushinsa.

Idan aka dubi irin wannan tarihi za a ga matakai huɗu. Na farko shi ne na saurare da hidima, inda yaro ke ɗaukar kaya, yana bin ƙungiya zuwa fada da wuraren buki, kunnensa na cika da rauji tun bai san yana koyo ba. Na biyu shi ne na riƙe ƙaramin abin kiɗa da tsare kari ba tare da kuskure ba. Na uku shi ne na shiga sahun 'yan amshi, ya haddace gindin kowace waƙa da ɗiyanta, har ya kai ga yin ƙari, wato ya ƙarasa maganar da jagora ya fara. Na huɗu shi ne na ƙaga tasa waƙa, wanda galibi sai da izinin maigida, ko bayan ya tsufa ko ya rasu. Jarrabawar ƙarshe a bainar jama'a ake yin ta. Idan basarake ya saurara ya yi kyauta, jama'a suka riƙe gindin waƙar suna maimaitawa, to ɗalibi ya ci.

4.2 Abin da Ake Koya

Ilimin da ke cikin wannan horo ya kasu aƙalla gida huɗu. Akwai ilimin kayan kiɗa: yadda ake zaɓar ice da fata, da yadda ake liƙa nake a tsakiyar fatar kotso ko taushi don a daidaita amonta, da yadda matse tsarkiya ke ɗaga muryar kalangu ko sassauta ta ya sauke ta. Akwai ilimin harshe, wanda ya haɗa da karin magana da kirari da habaici da zambo da sanin kalmar da ta dace da kunnen sarauta. Akwai ilimin tarihi da nasaba, domin makaɗin fada da ya rikita jerin kakannin ubangidansa ya zubar da mutuncin kansa. Sannan akwai ilimin tsari, wato raba aiki tsakanin jagora da 'yan amshi da masu kiɗa. Duk wanda ya saurari ƙungiyar Ɗanƙwairo zai ji yadda 'yan amshi ke karɓe ɗan waƙa tun jagora bai dire ba, su ja shi zuwa gindi, kiɗa na biye da su. Wannan ba ya samuwa sai da shiri da maimaici, kuma shi ne ainihin abin da ake kira tsara kiɗa.

5.0 Giɓin da ke cikin Nazarin Waƙar Baka

Masana Hausa sun yi aiki mai yawa a kan waƙa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazari a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, inda ya tanadi wuri ga turke da salo da awon baka. Abdullahi Bayero Yahya, daga Sakkwato, ya zurfafa a kan jigo da salo. Da waɗannan ayyuka ne ɗalibai ke feɗe waƙoƙin Narambaɗa da takwarorinsa har yau.

Duk da haka, abin da ke isa shafin kundi shi ne matani. Ɗalibi kan saurari faifai, ya juye kalmomin a takarda, ya fitar da turke da adon harshe, sannan ya ambaci sunan abin kiɗa a jimla ɗaya ko biyu. Hawa da saukar murya, da yawan bugun da ke cikin kowane zagaye na kiɗa, da wurin da amshi ke shigowa, ba su da alamar da za a rubuta su da ita, don haka sai su zube. Ba laifin ɗalibin ba ne, domin ba a horar da kunnensa ga wannan aiki ba.

Asarar da ke cikin haka babba ce, saboda yanayin harshen Hausa kansa. Hausa na rarrabe ma'ana da karin sauti da kuma tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya sun bambanta ne ta karin sauti, gari na mutane da gari na tuwo kuwa ta nauyin gaɓar farko. Mai ƙaga waƙa dole ya sasanta waɗannan da raujinsa, in ba haka ba ma'ana ta karkace. Paul Richards ya auna wannan dangantaka a 1972 a wata waƙa ta Sarkin Taushin Katsina, ya tarar rauji na bin karin sautin kalmomi sosai, ko da yake ba a kowane wuri ba. Russell Schuh ya daɗe yana nazarin yadda gaɓa mai nauyi da marar nauyi ke zama a kan bugun kiɗa, har aikin da ya yi da Bruce Hayes a kan karin rajaz ya fito a 2019. Kafin su, David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin lura shi ne, mafi yawan waɗanda suka tunkari ɓangaren sauti baƙi ne, kuma da Ingilishi suka rubuta. Masu harshen, waɗanda kunnensu ya fi kusa da abin, ba a ba su kayan aikin ba.

A gefe guda kuma kasuwa ba ta jira jami'a ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da bunƙasar finafinan Hausa a Kano, fiyanon lantarki na Yamaha da kwamfuta suka zama ginshiƙin kiɗan sitidiyo. Matasa da yawa sun koyi haɗa kiɗa ta wannan hanya da ƙoƙarin kansu, kuma sun nuna hazaƙa. Sai dai na'urar ta zo da matakan sautinta a kafe, kamar yadda aka auna su a Turai, kuma ba ta iya lanƙwasa murya irin ta kalangu ko kotso. Sannu a hankali kunnen masu sauraro na sabawa da ita, yayin da tsofaffin da suka san sirrin taushi ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

6.0 Fasalin Digirin da ya Dace da Sakkwato

A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi 30 ƙofa ce. Ana iya fara shigar da darussan sauti cikin digirin Hausa da ake da shi, kafin a kai ga digiri mai zaman kansa. Ga fasalin da wannan maƙala ke ba da shawara a kai.

Shekarar farko ta zama ta horar da kunne da hannu. Kowane ɗalibi ya riƙe abin kiɗa guda na gargajiya a ƙarƙashin makaɗi na gaske, ya kuma koyi tsarin sautin Hausa, musamman gaɓa da karin sauti. A nan ne za a koya masa rubutun kiɗa na Turai a matsayin kayan aiki, tare da nuna masa inda ya gaza ɗaukar sautin Hausa.

Shekara ta biyu ta zama ta juye waƙa da feɗe ta. Ɗalibi ya ɗauki faifan Jankiɗi ko na Faru ya rubuta matani da rauji da kiɗa a jere, layi bisa layi. A haɗa masa da ilimin aruli, domin rubutattun waƙoƙin Hausa da aka gada tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u don rerawa aka yi su, kuma karinsu na da alaƙa da raujin da ake ɗora musu. A kuma gabatar masa da abin da malaman Musulunci irin su Alfarabi da Safiyuddin al-Urmawi suka rubuta a kan awon sauti.

Shekara ta uku ta zama ta zaman almajirci. Ɗalibi ya yi zango guda cur a cikin wata ƙungiyar makaɗa, ya yi amshi, ya ga yadda ake haifar waƙa. Zango na biyu ya yi shi a sitidiyo, ya koyi naɗar sauti da tace shi, tare da sanin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, don kada ya ci haƙƙin wani ko a ci nasa.

Shekara ta huɗu ta zama ta ƙirƙira. Ɗalibi ya gabatar da ayyuka nasa na kansa, aƙalla ɗaya da kayan gargajiya zalla, ɗaya kuma da ya gwama su da na zamani, ya kafa ƙungiyar da za ta yi su a gaban jama'a, sannan ya rubuta kundi da Hausa yana bayanin dalilin kowane zaɓi da ya yi. A cikin masu jarraba shi a sa makaɗi ɗaya da ya gaji sana'ar.

7.0 Ƙalubale

Ƙalubale na farko shi ne matsayin kiɗa a idon jama'a. M. G. Smith ya nuna tun 1957 cewa al'ummar Hausa na jin daɗin aikin maroƙa da makaɗa, amma tana ajiye su a ƙasan tsanin daraja. Uba da yawa zai yi jinkirin biyan kuɗin karatun da yake ganin ƙarshensa roƙo ne. Amsar wannan tana ga ayyukan da digirin zai buɗe: koyarwa, da adana kayan tarihi, da aikin rediyo da talabijin, da kiɗan fim, da bincike.

Na biyu shi ne batun addini, wanda ba a tsallake shi a Sakkwato. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma Veit Erlmann ya tattara rubuce-rubucen shugabannin jihadi a kan wannan batu a littafin da ya fitar a 1986, inda ake ganin sun yi la'akari da nau'in abin kiɗa da muhallin da ake amfani da shi. Wajibi ne manhajar ta koyar da wannan muhawara da adalci, ta kuma buɗe tafarki ga ɗalibin da ke son ya tsaya ga murya kaɗai, kamar rera waƙoƙin wa'azi da na bege.

Na uku shi ne malamai. Waɗanda suka san kotso da taushi ba su da takardun da dokar ɗaukar aiki ke nema, masu takardun kuma ba su san kotso ba. Jamhuriyar Nijar ta gwada wata hanya a Cibiyar Horar da Makaɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya, makaɗa irin su Malam Mamman Barka suka yi aiki a cikinta. Jami'a na iya ƙirƙirar muƙamin makaɗi mazauni, da albashi da mutunci, ba tare da ta nemi digiri a hannunsa ba. Idan ta iya ba makaɗi digirin girmamawa, ba abin da zai hana ta ba shi aji.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙasar Sakkwato ta daɗe da makarantar tsara kiɗa, mai matakai da darussa da jarrabawa, ko da yake ba ta bayar da takarda. Ta nuna kuma cewa nazarin jami'a ya adana kalmomin makaɗa amma bai adana sautinsu ba, alhali a harshe mai karin sauti irin Hausa ba a raba biyun. Shawarar da aka bayar ita ce a fara da darussan horar da kunne da juye rauji a cikin digirin Hausa, a jawo makaɗan gado cikin koyarwa, sannan a gina digiri cikakke a kan abin da aka samu. Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Faifan Narambaɗa zai jira mai nazari ko bayan shekara hamsin, amma dattijon da ya san yadda ake liƙa nake a fatar kotso ba zai jira ba. Aikin da ya fi gaggawa a yau shi ne a nemo irin waɗannan dattawa a Isa da Maradun da Talatar Mafara da cikin birnin Sakkwato, a naɗi aikinsu da bayaninsu, a kuma zaunar da ɗalibai a gabansu.